Hannu Ba Ya Taɓa Ruwan

Tun da aka mayar da tafkunan kakanninmu gandun gwamnati, doka ɗaya ce: hannun mutum ba ya taɓa ruwan. Kifin kasuwa kuwa daga inji yake fitowa yanzu, ba kai, ba ƙaya.

Ran Laraba na ja kakana Tanimu zuwa can. Masunci ne a da, idonsa ya daɗe da rufewa. Ni dai na ga ikon Allah: ruwa garau, bado ya buɗe, kifaye na yawo ba tsoro. Na faɗa masa.

Ya ce, "Ɗan nema, bakinka ba shaida ba ne. Sai na taɓa."

Ya miƙa hannu. Ma'aikaciyar wurin, Malama Ladidi, ta tare shi a hankali.

"Baba, ku yi haƙuri. In kuka taɓa, ba za a sake barinku shiga ba."

Ya janye hannunsa. Sai ta zaunar da shi daf da gaɓa, ta watsa dusa a gabansa. Ruwa ya hautsine, feshi ya jiƙa masa fuska har gemu.

Bai goge ba. Ya ce, "Tarwaɗa ce. Ashe suna nan."