Da Ma Ke Namiji Ce

Ina 'yar firamare na kai wa Baba abincin rana garejinsa na Ƙofar Marusa. Na tarar ya cire tayar baya ta wata tsohuwar a-kori-kura, ya zare gangar birki, wurin duk ƙaurin ƙarfe.

Na tsuguna ina kallo. Ya nuna mini fatun birki biyu masu lanƙwasa, ya ce, "In direba ya taka, sai su buɗe su danni ganga ta ciki, taya ta tsaya."

Na ce, "To in ya ɗaga ƙafa, mi ke maido su?"

Ya miƙo mini filaya da wani sifirin mai tauri, wato murɗaɗɗiyar wayar da ke maido su, ya ce in maƙala shi. Na ja, ya kuɓuce ya yanke ni a yatsa. Na cije leɓe na sake ja, sai ga shi ya maƙale a raminsa.

Baba ya daɗe yana dubana. "Kai, ɗiyata, da ma ke namiji ce." Ya karɓe filayar. "Wanke hannu ki koma gida."

Bai ƙara bari na taɓa ƙarfe ba. Allah ya jiƙan Baba, amma har yau in bakanike yana yi mini bayanin birki kamar ban san komai ba, haushin ranar nan sabo yake dawo mini.