Tsohuwar Ɗakin Ƙarshe

Karo na uku ke nan Ila yana jin kakarin amai daga ɗakin ƙarshe. Shi ne majo, shugaban ma'aikatan wannan ƙaramin asibiti da ke gefen Belbeji, kuma shi da kansa ya ba baƙin ɗakin. Takarda aka aiko daga Yamai cewa Farfesa Hamma zai yi mako biyu yana binciken abin da ke tayar da ciwon ɓarin kai, ko dai haka Ila ya fahimta.

Ya leƙa ta taga. Wata tsohuwa ce a kan tabarma, ramammiya, an manna mata wayoyin wata na'ura a kai. Ɗaya daga cikin baƙin, mai farar riga da tabarau, ya haska mata fitila mai walƙiya a ido. Ya kashe, ya jiƙa tsumma da turare da fetur, ya kanga mata a hanci. Ta dafe ɓarin kanta na hagu, ta sake kelaya amai a kwano. Ko sannu bai ce mata ba. Agogo ya duba, ya soka mata allura, ya ja jini.

"Ƙara," in ji ta, murya can ƙasa.

Ya ƙara.

Shekara ashirin Ila yana wanke gyambo, bai taɓa jin ƙyama irin ta yau ba. Ashe haka ake zama babban masani! A samo uwar wani, a lallaɓe ta, a yi ta gasa mata azaba, sannan a tafi Turai a sha tafi.

Ya banka ƙofa, ya fizge wayar na'urar daga bango.

"Tir da karatunka! Da uwarka ce, za ka yi mata haka? Yau za ka kwashe kayanka."

Mutumin ya ja da baya, tsumma a hannu. Ila ya durƙusa gaban tsohuwar, warin kwanon yana dukan hancinsa.

"Inna, tashi. Ina ne garinku? Ni zan kai ki."

"Falanko," ta ce, tana share baki. "Amma na daɗe da barinsa."

Ta dubi na'urar da ta mutu, sannan ta ɗaga jajayen idanunta ga mai farar riga. Nan take mutumin ya rusuna mata.

"Awon ya lalace, Farfesa. Kin ce ba za a taɓa majinyaci ko ɗaya ba sai an gama gwadawa a kanki. In sake kunnawa?"