Butar Torkula

Robar wanki ce kawai, da ruwan sabulu a ciki, da wani ɗan guntun roba ja a rataye a waya. Madam Francisca, malamar gona, ta ce wannan shi ne tarko. Guntun robar yana fitar da ƙamshin mace, sai mazan ƙwarin da ke haifar da tsutsar tumatir su biyo, su faɗa ruwa. Duk Litinin za ta zo ta ƙirga. Wanda nasa suka haura talatin, dole ya yi feshi.

Muntaka bai damu da feshi ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne dillalin Abuja da ya ce zai kwashe tumatir ɗin gona ɗaya tak a fadamar Ashige, wadda tarkonta ya fi tsabta, wato mai ƙarancin ƙwari. Gonaki biyu ne kuwa ke gaba, tasa da ta maƙwabcinsa Torkula.

Muntaka mutum ne mai ganin ya fi kowa wayo. Ya zauna ya yi tunani: abin da ke kiran ƙwari, ai shi ke tara su. Ranar Laraba, da Torkula ya tafi kasuwar Lafiya, ya cire jan guntun nasa ya ɗaura a ƙarƙashin na Torkula. A nasa tarkon kuma ya rataya yankin tsohon silifas, ja shi ma.

Sai dai abin ya riƙa cin sa, don Torkula mutumin kirki ne. Kullum da safe zai tsallako kunya da butarsa, ya gaishe shi, ya ƙara wa robarsa ruwa.

“Rana yana shanye ruwa, maƙwabci,” in ji shi. “Bari in cika maka.”

Litinin ta zo. Madam ta ƙirga arba'in da bakwai a robar Muntaka. A ta Torkula, biyu.

Muntaka ya wanke robar da toka, wai ko ƙamshin ne ya kama ta. Sati na biyu, sittin da ɗaya. Ya sayo sabuwa. Sati na uku, tamanin. Har ya fara kallon silifas ɗin da ke ƙafarsa da zargi.

Madam ta tsaya a kansa sai da ya yi feshi sau uku, yana yi yana ƙunƙuni. Torkula kuwa ko famfon feshi bai taɓa ba. Dillali ya bugo waya ya ce na Torkula zai ɗauka, Muntaka ya yini bai iya cin abinci ba.

Ranar ɗiba, aka fasa tumatir ɗin Torkula na farko, tsutsa ta leƙo. Aka fasa na biyu, na goma, duk ciki ya zama baƙi. Ganyen ma sai ka ce an ƙona. Dillali ya tsallaka kunya, ya danna na Muntaka da yatsa, ya ce a loda.

Mota ta tafi, amma murna ta ƙi zuwa. Muntaka ya san shi ya kira wa bawan Allah nan bala'i da hannunsa. Ya same shi zaune a kan kwandon da babu komai, butar tana gefe, ya durƙusa ya faɗa masa komai, har da silifas.

Torkula ya daɗe yana kallon sa. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya yi dariya har da hawaye.

“Shi ya sa!” in ji shi. “Ni kuma ina mamaki, kullum na tace su a buta na juye maka, washegari sun ninka!”