Uwarka?

Tun da cutar tsalle ta shiga jinin mutane tana hana haihuwa, likitoci suka gano abin da suka taɓa gani a jikin ƙudan mangwaro: kariyarta wajen uwa kaɗai ake gado. Yanzu ba takardar aure sai an duba uwa.

"Uwarka?" in ji ma'aikacin ofishin aure.

Ɗanlami makanike ya dunƙule hannu. A da, kan wannan kalma hanci ake fasawa.

"Tabawa mai daddawa."

"Ba ta da kariya. Rubuta sunan gwaggonka a madadinta mana, kowa haka yake yi."

Zinatu, wadda zai aura, tana jiransa a waje. Ya karɓi biro.

"Malam, ko ƙudan naku bai canja uwa ba."

Ya rubuta TABAWA da manyan baƙaƙe, ya tura takardar.

"Buga hatimin naka."