Sun Rufe Tsagar Kafin Kwamiti Ya Zo

Ranar wata Litinin ce a farkon watan Yuni, gari ya waye da yayyafi da sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi. Baba Mwadkon yana tsaye a falonsa yana kallon bango. Tsagar da ta fara bara kamar zare yanzu tana ɗaukar yatsunsa biyu, ƙofar ɗakin kwana kuma sai an ɗaga ta take rufuwa.

Gidan yana cikin wani ƙaramin kwatas da ƙaramar hukuma ta gina ta wajen Naraguta, a kan tsohon ramin kuza da aka cike da ƙasa. Gida goma sha biyu ne a jere. Baba Mwadkon, tsohon direban motar asibiti, shi mazauna suka zaɓa ciyaman.

Da hantsi Oga Sylvanus, jami'in da ke kula da kwatas ɗin, ya zo da labari. Ranar Juma'a kwamitin majalisar dokoki mai sa ido kan gidaje da ƙananan hukumomi zai zo duba wurin. Ya sauke bokitan fenti da buhunan siminti, ya ce manyan baƙi ba a tarbarsu da ƙorafi. Sannan ya rage murya ya ce in suka ga tsaga, jan fenti za su shafa wa gidajen, kowa ya kwashe kayansa a cikin wannan damina.

Da yamma aka taru a ƙofar gidan ciyaman. Fadeke, tela mai gida na uku, ita kaɗai ta ƙi yarda.

"Baba, mutanen nan fa an turo su ne su ga abin da ya lalace. In mun rufe, me za su gani? Launin fenti?"

Pam mai gyaran babur ya ce ita ai tana da dangi a kudu, in an kore su mota kawai za ta hau. Fadeke ta ce a nan Jos, a unguwar Dutse Uku, aka haife ta, tun shi bai iya ɗaura wando ba. Aka yi dariya, amma ba wanda ya goyi bayanta.

Baba Mwadkon ya ce shi ba shi da wurin zuwa, ga matarsa Klaudiya da ciwon ƙafa, da ƙyar take kaiwa tsakar gida. Kuma abin kunya ne baƙi su shigo gidan dattijo su tarar da bango a buɗe. Daga baya Mama Klaudiya ta ja Fadeke gefe, ta roƙe ta kada ta kunyata mata miji a gaban manya. Fadeke ta haƙura.

Kwana uku ana aiki. Aka cusa siminti a tsagogi, aka bi da fenti. Inda daɓe ya lotsa aka shimfiɗa leda. Ƙofofin da suka karkace aka cire su, aka rataya labule.

Ranar Juma'a kwamitin ya iso: 'yan majalisa biyar, wata mace ce shugabarsu, tare da injiniya ɗaya. Aka zaunar da su a falon ciyaman. Injiniyan ya ɗan ƙwanƙwasa bango, ya tambaya yaushe aka yi fentin. Oga Sylvanus ya ce duk shekara suke yi.

Shugabar ta dubi Baba Mwadkon. "Baba, ka faɗa mana gaskiya. Abin da muka gani da wanda muka ji, shi za mu rubuta. Akwai matsala?"

"Ranki ya daɗe, lafiya lau muke. Mun gode wa gwamnati."

Ta sake tambaya, ya sake godiya. Fadeke tana bakin ƙofa da tiren lemo a hannu. Ba su cika awa ɗaya ba suka wuce wani kwatas, inda mata suka riƙa jan su ɗaki-ɗaki suna nuna musu yoyo da rubabben katako.

A watan Yuli Baba Mwadkon ya ji rahoton a rediyo. Mutanen wancan kwatas za a mayar da su wasu gidaje kafin a yi gyara. Nasu kuwa yana cikin waɗanda ba su da matsala. A lokacin tsagar ta riga ta ɓalle simintin, ta fi da faɗi. Ya rubuta takarda ya kai majalisa da kansa. Aka ce masa an karɓi rahoto, 'yan majalisa sun tafi hutu sai Satumba.

Ba a kai Satumba ba. Wata Lahadi a tsakiyar Agusta, bayan ruwan kwana uku, yawancin mutane suna coci, ƙasa ta zame a ƙarƙashin gidajen farko, har da na ciyaman da na Fadeke. Mama Klaudiya tana kwance a ɗaki. Fadeke tana kan keken ɗinki.

Da injiniyan ya dawo duba ɓaraguzai, ya ɗaga wani guntun bulo, sabon siminti na manne da tsohon. Ya ce da ya ga wannan a watan Yuni, da a makon aka kwashe mutanen gidajen. Baba Mwadkon yana zaune a kan dutse da kayan cocinsa, bai ɗago kai ba.

Mai karatu, idan wakilanka suka zo duba inda kake zaune, aiki ne ya kawo su, ba ziyara ba. Nuna musu ɓarnar da hannunka, domin abin da ka ɓoye ba zai shiga rahoto ba, abin da bai shiga rahoto ba kuma ba za a gyara shi ba.

Gida huɗu sun rushe. Sauran takwas an rufe su. Iyali goma sha biyu suna kwana a ajin firamare. Fadeke ta rasa ƙafarta ta dama da keken ɗinki biyu. An binne Mama Klaudiya ranar Alhamis.