Furen da Mutala Ya Tarar a Gidansa

Wata bakwai Mutala ya yi a Ikko wurin sayar da goro. Ranar da jirgin ƙasa ya sauke shi a Kumasi, ko wanka bai yi ba idonsa ya faɗa kan wata tukunya a gindin bangon ɗakin matarsa Azumi. A cikinta akwai wata shuka mai kaurin gindi kamar gwiwar jariri, ga ganye 'yan kaɗan masu sheƙi, ga fure biyu jajaye.

Bai taɓa ganin irinta a unguwarsu ta Zango ba.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Ba kowa, Maigida. A gidan nan na tsince ta ta tsiro. Na ɗebo ta da ƙasarta kada awaki su cinye."

Mutala ya ƙura wa shukar ido. Shi mutum ne da ko mai tallan kifi ya daɗe a ƙofar gida sai ya leƙo. Wannan tafiyar ce kaɗai ya yi da kwanciyar hankali, don ya san shirin da ya yi kafin ya tashi.

Kwana uku yana kallon Azumi. In hadari ya taso, sai ta bar tuwo a wuta ta ruga ta jawo tukunyar ƙarƙashin rufi, wai ruwa da yawa na ruɓar da ita. Da safe ta fito da ita rana, ta goge ganyen da bakin zanenta. Wa ya koya mata duk wannan?

Ya tsinki ganye ɗaya ya kai kasuwar Adum. Asantawa masu sayar da saiwoyi suka jujjuya shi, suka girgiza kai. Sai wata tsohuwa mai tallan kanwa, Mma Talle, ta shinshina ta yi dariya.

"Kariya ce, ɗana. Ba ta ƙasar nan ba ce kwata-kwata. Can arewa take, inda ruwa bai da yawa. Sai dai wani ya ɗauko ta."

Arewa. Mutum ɗaya ne a layinsu ya zo daga can a bana: Seini, Bazabarme mai sayar da zannuwa, saurayi mai fararen haƙora, wanda mata ke tsayawa su yi ciniki har su manta da girki.

Bayan sallar la'asar, a gaban jama'a, Mutala ya ci kwalar Seini. Saurayin ya rantse bai ma san fuskar Azumi ba. Da ƙyar liman ya raba su.

A gida Azumi ta durƙusa tana kuka, ta ce a kawo Alƙur'ani ta dafa. Mutala ya ce ya sake ta. Kafin magariba ta ɗaure kayanta ta tafi gidan gwaggonta, ko waiwaye ba ta yi ba.

Tsakar gida ta yi tsit. Mutala ya sa ƙafa ya harbi tukunyar, ta tarwatse, ƙasa ta zube, gindin shukar ya fito fili.

Ya sunkuya. Jan zare ne nannaɗe da gindin, ƙulli bakwai, da hannunsa ya ƙulla su a jikin guntun itacen da wani boka ya sayar masa, shi kuma ya binne a ƙofar ɗakin Azumi ranar tafiyarsa don kada ta kalli wani namiji. Itacen ne ya tsiro.