Tangaran a Kan Kantar Roba

Ranar wata Laraba ce cikin damina, hadari ya haɗo tun hantsi, ruwa bai sauka ba. Wani mai gidan abinci a bakin tasha ya karɓi aikin walimar wani attajiri, aiki mafi girma da ya taɓa shiga hannunsa. Farantansa duka na roba ne, sun koɗe, manja ya kama su. Ya ce manyan mutane ba za su ci a wannan ba. Ya koma gida ya roƙi matarsa ta ara masa tangaran ɗin jerenta. Kayan uwarta ne, ta tara mata su ɗaya bayan ɗaya kafin ta rasu, ko da salla ba a cin abinci a cikinsu. Matar ta buɗe kabad, ta naɗe kowane a tsumma, ta ce, "Malam, yadda suka fita haka nake son su dawo." Da na ɗakinta ba su isa ba, ita ce ta shiga maƙwabta ta aro masa ƙari da sunanta.

A kicin ɗin gidan abincin yana da wata kanta ta ƙarfe mai taya, hawa huɗu, wadda mai walda ya haɗa masa don jera farantai in an wanke. Ya tsaya gabanta yana lissafi. Ya auna tsawon kowane hawa da taƙi, ya auna faɗin faranti, ya ga layi nawa zai shiga. Ya auna tsayi, ya ga tangaran yana kwanciya cikin ɗan'uwansa luf, ya fi roba shiga. Ya yi murna, ya ce ashe kanta ɗaya ta isa, ba sai ya nemo ta biyu ba. Lissafinsa bai yi kuskure ba, wuri kam akwai shi. Abin da bai tambaya ba shi ne nauyi. Ka san tangaran: ɗaya a hannu ba komai ba ne, tara su ka ji dutse. Kantar kuwa tun da aka ƙera ta roba ta sani.

A wurin walima aka ci, aka yaba, baƙi suka watse da la'asar. Masu wanke-wanke suna miƙo masa, yana ɗorawa da hannunsa, don bai yarda wani ya taɓa ba. Hawa na sama ya lanƙwasa kaɗan, ya gani, ya ce saura ƙalilan ne. Ya tura kantar zai kai ta jikin bango, taya ta faɗa ɗan ramin siminti, walda ta ɓalle. Na sama ya faɗa kan na ƙasa, har ƙasa, tangaran duka ya tarwatse. Da ya kai labari gida matar ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta yafa mayafi ta fita ba maƙwabta haƙuri, gida-gida, ita kaɗai.

Washegari ya saka guntun fasasshen faranti ɗaya a aljihu ya tafi kasuwa, yana bin rumfunan masu tangaran yana nuna zanen furen da ke jiki. Kowa ya juya guntun sai ya miƙa masa abinsa, ya ce irin wannan an daina kawowa tun da daɗewa.

Garin neman ƙiba, an samo rama.